Wa zai kai Hajiya asibiti?

Ni makaniken injina ne, na daɗe ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa da ke Kano. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 abubuwa suka fara tsuke mana, sai kuma a Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wutar lantarki ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Injin narka roba kuwa wuta yake ci, in ta ɗauke ana tsakiyar aiki robar ta daskare a bututu, sai an kwance an kankare. Aka soke aikin dare, kuɗin ƙarin lokaci da muke toshe ɓaraka da shi ya tafi. Ana cikin haka wani tsohon ogana da ya koma wani kamfanin kayan abinci a Ikeja da ke Legas ya kira ni, ya ce suna neman mutum irina. Aka yi mini tambayoyi ta waya, ba a daɗe ba takarda ta iso. Albashin da aka rubuta ya kusa ninka nawa.

A majalisarmu ta bakin titi a Gwammaja nan take aka rabu gida biyu. Wasu suka ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Wasu suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wani ya kawo tarihin fatake, ya ce ai Alhassan Ɗantata ma shekaru ya yi yana fataucin goro a ƙasar Gana ta yau kafin gyaɗa ta ɗaga shi a Kano. Gaskiya ne. Sai dai falken da ya bi ayari zuwa Gwanja gandu ya baro a gida, da 'yan'uwa maza suna noma, da tsari na wanda zai riƙe gida har ya dawo. Ni ban da wannan tsarin, kuma duk masu ba ni shawarar nan babu wanda tafiyata za ta ƙara wa nauyi ko na ƙwayar gero.

Wanda ya fara saukar da ni ƙasa shi ne Kawuna, da ya yi rabin rayuwarsa yana sauke tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12. Na miƙa masa takardar, ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, bar tambayar nawa ake samu a Ikko. Tambayi nawa ake dawowa gida da shi." Daga nan ya shiga lissafa mini. Hayar gida ta shekara guda za ka biya a dunƙule, sannan la'adar dillali, sannan kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, sannan kuɗin ajiya saboda ko za ka ɓata wani abu. Kafin makulli ya shigo hannunka ka biya abin da ya haura kuɗin hayar nesa ba kusa ba. Tumatirin Kadawa da ka baro a gida shi za ka saya can, da kuɗin mota da ribar mutum uku a kansa. Ruwan sha saye, zubar da shara biya. Acaɓa ma an hana ta a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi biyar tun Yunin 2022, saboda haka in ka yi nisa da wurin aiki, danfo da cunkoso ne za su cinye maka asuba da magariba.

Na dawo na ɗauki biro. Adadin da ke saman takarda ba shi ke shiga asusu ba, domin za a cire haraji, a cire kashi 8 cikin 100 na fansho kamar yadda dokar 2014 ta tanada, kamfani ya ƙara nasa kashi 10. Akwai kuma wata shida na gwaji, wanda a cikinsu ana iya cewa an gode ba tare da dogon bayani ba. Sai na juya ɗaya ɓangaren, na rubuta abubuwan da nake ci a Kano ban taɓa sa musu farashi ba. Sashen da muke ciki a gidan gado ne, ban san kuɗin haya ba. Babur ɗina ke kai ni Sharaɗa. Yara da ƙafa suke zuwa Islamiyya. Maiɗakina tana haɗa turaren wuta da humra, matan unguwa ne kasuwarta, kuma wannan kasuwa ba a sa ta a jaka a tafi da ita. Mai shagon lungunmu yana ba ni shinkafa da mai har ƙarshen wata saboda ya san mahaifina. Da na gama tarawa da ɗebewa, ninkin nan ya sauko ya zama ƙarin wajen kashi ɗaya cikin uku. Ƙari ne dai, kuma a wannan zamani ba abin rainawa ba ne, amma ba shi ne dukiyar da 'yan majalisa suka riga suka fara rabawa ba.

Sai maganar nisa. Tsakanin Kano da Legas wajen kilomita 1,000 ne. In ka hau doguwar mota a New Road da ke Sabon Gari, kwana za ka yi a hanya, wani lokaci har ka ƙara da yini. Jirgi daga filin Malam Aminu Kano awa ɗaya da rabi ne, amma tikitin zuwa da dawowa yakan haɗiye kaso mai tsoka na albashi, balle wanda aka saya a ranar tafiya. Mu kuwa a nan in mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Mai bin mota ba zai samu jana'iza ba, sai dai ya tarar da zaman makoki. Ban faɗa wa kowa wannan tunanin ba a lokacin, amma shi ya fi hana ni barci.

Duk wannan lissafin kuɗi ne, kuma da wuya mutum mai hankali ya tsallake shi. Abin da ake tsallakewa shi ne ɗawainiyar da mutum yake yi da jikinsa, wadda in ya tafi ba ta bin sa, kan wani take faɗawa. Ni ne ɗan fari a maza, mahaifinmu ya rasu. Mahaifiyarmu Hajiya tana da hawan jini da ciwon suga. Duk wata ni nake kai ta asibiti: in fita bayan sallar asuba in ajiye kati a layi, in dawo in ɗauke ta a adaidaita sahu, in shiga da ita wurin likita domin ita in aka tambaye ta jiki cewa take yi da sauƙi ko da kuwa ta kwana ba ta runtsa ba. Ni na san ƙwayar da ake sha kafin karin kumallo da wadda ake sha da dare, ni nake soka mata yatsa in duba suga, ni nake ɓoye kwalbar zumar da baƙi ke kawo mata. Ni ake kira in famfo ya lalace, ni nake wakiltar gida a ɗaurin aure da ta'aziyya. Wata rana da dare muka zauna da maiɗakina muka rubuta waɗannan duka, takarda ta cika har baya.

Da na tara 'yan'uwa, na buɗe da cewa in na tafi za a ci gaba da kula da Hajiya in sha Allahu. Yayarmu da ke aure a Kurna ta katse ni. "Ku maza in kun ce za a kula da ita, mu kuke nufi. Faɗi sunan wanda zai yi." Ba ta yi ƙarya ba. Ƙanina kuma ya ce, "Haba Yaya, ai ba sai ka faɗa ba." Wannan amsar ta fi ba ni tsoro, saboda amsar kunya ce. Yaron shago ne a Kantin Kwari, a ƙarƙashin wani yake, kuma safiyar da zai kai Hajiya asibiti safiya ce da baƙin kasuwa daga Nijar da Chadi suke sauke kuɗi. Zai yi sau ɗaya, ya yi sau biyu, a na uku ubangidansa ya ɗaure fuska, shi kuma ba zai taɓa kirana ya ce Yaya na gaji ba. Sai na sa babbar riga na je Kwari da kaina. Na gaishe da Alhajin, na ce alfarma na zo nema, rana ɗaya a wata a sakar mini yaron nan har azahar. Ya ce, "Don Hajiya? Ai uwa ta kowa ce, ya je." Magana ta zama tsakanin manya, ba ta zama yaro yana satar jiki ba. Na kuma yanka masa kuɗin adaidaita da na magani da ɗan abin da zai sa a aljihu, na ce wannan ba kyauta ba ce, cikin kuɗin tafiyata ne. Na kai shi asibitin ya ga inda ake ajiye kati, ya koyi na'urar awon suga a gabana har hannunsa ya daina rawa. Yaya ta ɗauki kwanan Alhamis da Juma'a.

Ita Hajiya kanta, samun abin da ke ranta ya fi komai wuya. Ko sunana ba ta kira, balle ta ce kada in tafi. Na durƙusa na gaya mata, ta ce, "To, Allah ya sa alheri ne. Namiji ai da nema aka san shi." Ta ci gaba da jan carbinta. Wanda bai san iyayenmu ba sai ya ɗauka an gama. Na bi ta wurin Inna, ƙanwarta, na ce ta bugi cikinta. Bayan kwana biyu Inna ta kira ni. "Yaya ba ciwonta take ji ba. Cewa ta yi in ka kwashe yaran nan, wa zai riƙa shigo mata ɗaki da ƙiriniya?" Ashe tsoronta gidan ya yi shiru. Wannan ya warware abin da na kasa warwarewa: ni kaɗai zan fara tafiya, iyali su zauna.

Maiɗakina ta yarda, amma da sharaɗi. Ta ce, "Malam, kuɗin cefane ya riƙa shigowa asusuna kai tsaye, a rana ɗaya sananniya, ba ta hannun kowa ba. Kuma Sallah a gida." Na ga hikimar ta farkon daga baya, don na san gidajen da aike ta hannun ɗan'uwa ya haddasa gabar da har yau ba ta mutu ba. Na yi istihara kamar yadda limamin masallacinmu ya karantar da mu: raka'a biyu da addu'a, sannan ka ci gaba da abin da ka nufa, ba wai ka kwanta jiran mafarki ba.

Kafin in sa hannu na roƙi kamfanin abu uku: masauki na watan farko, kuɗin ƙaura, da a rubuta cewa hutuna na shekara zan haɗa shi da Babbar Sallah. Suka ba ni masauki da hutun, suka ce kuɗin ƙaura babu. Na ƙara da maganar fita sallar Juma'a, aka daidaita ta da lokacin cin abinci. Irin waɗannan kafin sa hannu ake faɗarsu, lokacin da su ke nemanka. A Sharaɗa kuma na ba da sanarwar wata guda, na zauna na nuna wa yaron da zai gaje ni halin kowane inji, muka rabu ana a gaida gida. Wata shida na gwaji ba wasa ba ne, ban ga dalilin rufe ƙofar da wataƙila zan dawo in ƙwanƙwasa ba.

Na kama ɗaki a Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango, ga masallaci ga mai tuwo ga mai shayi. Da jirgin ƙasa na jan layi ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, tsakanin Agege da Ikeja ya zama tasha ɗaya, in lokacinsa ya dace da nawa. Gumin garin ban saba da shi ba har yanzu, wanki sai ya kwana bai bushe ba. Bayan isha'i kuma akwai wani kaɗaici da waya ba ta maganinsa. Amma a wurin aiki na samu abin da ban sa a lissafi ba. Injinansu kwamfuta ke sarrafa su, an tura ni horo, yau ina gano matsala a allo kafin in taɓa sufana. Wannan ilimin ko gobe na koma Bompai ko Challawa da shi zan koma.

Daga albashin farko na ware kuɗin tikitin jirgi na zuwa da dawowa a wani asusu daban, na ce ko yunwa ba za ta sa in taɓa shi ba. Ya yi ranarsa. Sugan Hajiya ya faɗi wata rana da hantsi, ƙanina ya auna ya gane, ya ba ta ruwan sukari ya garzaya da ita asibiti, sannan ya kira ni. Kafin in sauka Kano da yamma tana zaune tana yi wa mutane faɗan me ya sa aka tayar mini da hankali.

Kwanan baya wani abokin aikina na Sharaɗa ya samu irin wannan tayin a Fatakwal, albashin ma ya fi nawa. Ya kira ni yana murna. Na ce ya ɗauko takarda ya rubuta duk abin da yake yi wa gidansu da hannunsa, ya sa suna a gaban kowanne. Shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifinsa, tsohon kuma shanyewar ɓarin jiki gare shi, shi yake yi masa wanka yake juya shi. Ya sake kirana ya ce layi uku ya rasa sunan da zai sa. Na ce in ni ne ba zan tafi ba. Bai tafi ba. Yanzu in ya tashi daga kamfani yana gyaran janareto da injin markaɗe a wata rumfa da ya kama kusa da gida, kuma ya ce in na samu labarin aiki a Kaduna ko Zariya in tuna da shi.