Godiya ga waɗanda suka riƙe ni a Göttingen

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. A makon da ya wuce likita ya sallame ni, ya ce in koma harkokina amma kada in yi gudu tukuna. Ƙafar da ta karye a watan Janairu ta ɗauki nauyina. Ƙarfen da aka sa zai zauna a ciki wajen shekara guda kafin a duba ko za a cire shi. Tun ina kwance na yi niyyar idan Allah Ya tashe ni zan yi godiya a fili, domin waɗanda suka yi mini hidima sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba zan kama sunan kowa ba. Mutanen ƙasar nan ba sa son a sa sunansu a intanet ba da izininsu ba, namu kuwa da na tambaya cewa suka yi in bar musu ladarsu. Kowa zai gane kansa.

Ga wanda labarin bai iske shi ba: ina aikin bincike a jami'ar Göttingen ta Jamus, a kan ƙasar noma, tun bayan da na kammala digirin dakta. Samfurin ƙasar da nake aunawa daga gonakin wajen Zariya da Funtuwa aka ɗebo shi. Garin ƙarami ne, jami'ar da aka buɗe a 1737 ita ce kusan komai nasa, kuma daga ɗalibi har farfesa kowa a keke yake yawo. Ni ma na bi sahu. Ranar da abin ya faru an yi yayyafi da dare, sanyin asuba ya daskarar da shi a kan kwalta. A tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, don haka cikin duhu na fita. A wata kwana keken ya zame, na faɗi a kan idon sawuna na dama.

Godiyata ta farko ga wata baiwar Allah da ban san sunanta ba, ban ma riƙe fuskarta ba. Ita ta kira 112, lambar agajin gaggawa, ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe ni, ta tsaya a kaina har motar asibiti ta iso. Bayan haka ta ɗaure kekena a jikin ƙarfen gefen hanya, ta sa mini mukullin a aljihu, ta tafi aikinta. Idan akwai wanda ya taɓa jin wata ta ba da labarin baƙon da ya faɗi da keke a wannan safiya, don Allah ya isar mata da gaisuwata.

Likitoci da ma'aikatan jinya sun yi aikinsu da kyau, Allah Ya saka musu. Akwai wata nas da ta lura ina mayar da abinci, ba ta tambaye ni dalili ba, ta je ta sa aka rubuta ni cikin marasa cin nama. Akwai kuma ƙaramin likitan da ya zauna ya yi mini bayanin allurar hana daskarewar jini, wadda ake ba duk wanda ƙafarsa ba ta taka ƙasa, mutum ya riƙa yi wa kansa a fatar ciki kullum. Da kansa ya faɗa mini cewa wannan magani, heparin, daga hanjin alade ake samo shi, domin ya ga ina sallah a zaune. Ya ce akwai wani da ake haɗawa ba daga dabba ba, zai duba ko ya dace da ni. Cikin daren nan na kira malamina a Zariya. Malam, Allah Ya gafarta maka, Ya ƙara maka lafiya. Ka saurare ni ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ka warware mini hukuncin lalura, da yadda zan yi shafa a kan bandeji, da sallar zaune, ba ka nuna gajiya ba.

Yanzu sai sakatariyar sashenmu, wadda nake ganin ta fi kowa cancantar in daɗe a kanta. Ni a tunanina faɗuwa da keke matsalata ce. Ita ce ta buga mini waya ta yi tambaya ɗaya: "Wurin aiki za ka, ko wani wuri?" Na ce wurin aiki. Ta ce to shi ke nan. Ashe a dokar Jamus hatsarin da ya sami ma'aikaci a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida, hatsarin aiki ne, suna kiransa Wegeunfall. Inshorar hatsarin aiki ce ke ɗaukar nauyinsa, ba inshorar lafiya ta yau da kullum ba. Dole wurin aiki ya kai rahoto cikin kwana uku, kuma akwai likitoci na musamman da aka ware wa irin wannan, su za ka riƙa gani. Yuro 10 da majinyaci ke biya a kowace ranar kwanciya ma ba ta hau kaina ba. Albashi kuwa, mako shida na farko wurin aiki yana biya cif, bayan nan inshorar ta ci gaba da kashi 80 cikin 100 na albashin kafin cire haraji, matuƙar bai wuce abin da mutum ya saba karɓa a hannu ba. Duk takardun nan ita ta cike, ta kawo mini har gadon asibiti na sa hannu.

Bari in tsaya a nan in yi wa ƙannena masu neman fitowa magana, tunda saƙonninku sun cika mini waya. Ku duba da kyau ko abin da aka ba ku kwantiragin aiki ne ko tallafin karatu. A ido kuɗin kan yi kusa da juna, wani lokaci na tallafin ya fi daɗin gani saboda ba a cire haraji. Amma mai tallafi ba ma'aikaci ba ne a idon doka, abubuwan da na lissafa a sama ba duka ne ke zuwar masa kai tsaye ba, sai ya duba abin da inshorarsa ta rubuta. Ban ce ku ƙi tallafi ba, akwai masu daraja ƙwarai. Cewa na yi ku karanta takardar inshorar kafin ku sayi keke.

Kwantiragin nan shi ma yana da nasa ciwon. Yawancin matasan masu bincike a Jamus a kan wa'adi suke, shekara ɗaya, biyu, uku, ƙarƙashin wata doka ta 2007. Nawa kuɗin aikin bincike ne ke biyansa, kuma kuɗin bincike ba ya jiran mai jinya. An sabunta mini shi a ƙarshen bara, wanda ke nufin takardar zamana ita ma sai an sabunta ta a Fabrairu, daidai lokacin da ko bayi sai da sanduna nake zuwa. Ma'aikaciyar ofishin jami'a mai kula da baƙin malamai ce ta tuna mini cewa muhimmin abu shi ne a shigar da buƙata kafin tsohuwar ta ƙare. Ta tattara takardun, ta aika, aka ba ni takardar wucin gadi da ke nuna zamana halas ne har sabon katin ya fito. Na gode, na gode.

Farfesar da nake aiki a ƙarƙashinta ba mai yawan magana ba ce. Saƙonta layi biyu ne: in kula da ƙafata, ƙasar Funtuwa ba za ta gudu ba. Amma ni na san gwajin da na kafa kafin Kirsimeti ba ya jira. Ƙasar tana cikin kwalabe a ɗaki mai daidaitaccen zafi, kuma akwai ranakun da dole a ɗebi iskar da take fitarwa a auna, in an tsallake ɗaya lissafin ya ɓaci. Ma'aikacin ɗakin gwajinmu, dattijo mai shirin ritaya, da wata ɗalibar dakta 'yar Indonesiya, su suka raba ranakun a tsakaninsu, har da Asabar. Sunayensu suna kan takardar da muke rubutawa yanzu, kuma ba alfarma na yi musu ba.

Ɗakina a saman bene yake, hawa na uku, babu lif. Duk wanda ya nemi haya a garin ɗalibai ya san ba a zaɓe. A nan maƙwabciyata ta ƙasa ta shigo, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, wadda kafin wannan iyakarmu gaisuwa a matakala, sai ranar da ta gyara mini yadda ake raba shara. Na ɗauka ba ta ƙaunata. Ita ce ta riƙa hawo mini da wasiƙu, ta sauke shara, ta kai kwalaben ruwa kanti ta karɓo santi 25 na kowace ɗaya, ta jera mini kuɗin a kan tebur da takardar shaida. Ranar Asabar takan ƙwanƙwasa ta tambayi abin da ya ƙare, domin Lahadi kantuna a rufe suke. Da makon da ya kamata in share matakala ya zagayo, sai na ga an soke sunana a jadawalin an rubuta nata. Baba, ba ki jin Hausa, amma jikarki ta yi alkawarin fassara miki wannan.

'Yan uwana Musulmi na garin nan, Allah Ya bar zumunci. Azumi ya kama a farkon Maris ina fara koyon taka ƙafa. Ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar da Gana suka yi jadawali a WhatsApp ba da sanina ba, kullum kafin magariba wani ya hawo da kula. Wani ƙanenmu ɗan Maraɗi, mai karatun aikin gona, ya ƙware wajen tuƙa tuwo da garin semolina na kanti, ga miyar kuka da daddawar da aka kawo masa a jaka. Kilishi ne kawai ya gagara, tunda ba a yarda a shigo da nama Tarayyar Turai a kayan matafiyi ba. Wani Alhaji ɗan zangon Kumasi da ke zaune a Kassel ya aiko da busasshiyar kuɓewa da man ja, ya ƙi karɓar ko sisi. Direban tasi Baturke da muke haɗuwa a masallaci ya riƙa kai ni gashin ƙashi kafin in iya hawa bas. Sallah ta faɗo ranar Lahadi 30 ga Maris, daren da aka tura agogo gaba da awa ɗaya, kuma shi ne ya kira ni da asuba don kada in makara idi.

Na gida, ban san ta inda zan fara ba. A lokacin sanyi agogon Jamus da na Najeriya ɗaya ne, wannan ya sa duk sallah biyar sai waya ta shigo. Yaya, kai ka ɗauki nauyin faɗa wa Hajiya, ka bi da ita a hankali, daga "ya ɗan gurɗe" har zuwa gaskiyar magana bayan an fito tiyata. Hajiya, Allah Ya ƙara miki nisan kwana, addu'arki na gan ta. Gwaggo da ta dage a sa ni a jirgi a kawo ni wurin mai ɗori, na gode da ƙauna, kuma hoton ƙashin yana nan zan kawo miki ki gani. Mai ɗakina tana Zariya da yara, tana jiran bizar iyali. Ita ta riƙe gida da makarantar yara da hankalina gaba ɗaya, ba ta taɓa bari na ga damuwa a fuskarta ta waya ba, sai daga baya ƙanwata ta faɗa mini abin da ba ta faɗa ba. Allah Ya biya ki. Abokan aikina na jami'ar gida da suka ɗebo sabon samfurin ƙasa kafin damina ta faɗi, ba ku manta da ni ba, ni ma ban manta ba.

A ƙarshen Afrilu na je Viyana, babban birnin Ostiriya, taron EGU na masana kimiyyar ƙasa da ake yi kowace shekara. Na so in janye, Farfesa ta ce in likita ya yarda in tafi. Jirgin ƙasa na hau, ta Nürnberg da Passau da Linz, domin in samu miƙe ƙafa. Tikitin wata na Yuro 58 (farashinsa ke nan a 2025) da ke kai ni ko'ina a cikin gari ba ya aiki a jirgi mai sauri, sashe ne ya biya. Ma'aikatan tasha masu taimakon marasa ƙarfi, waɗanda ake sanar da su kafin ranar tafiya, sun tarye ni sun ɗauki jakata. Masu shuɗiyar riga na Bahnhofsmission, hidimar coci ce a tashoshin jirgi, sun zaunar da ni a ɗakinsu sun ba ni shayi. A zauren taron kuwa wani malami daga Kenya da fostarsa ke kusa da tawa ya je ya nemo mini kujera, ya tsaya yana riƙe mini sanda duk lokacin da na miƙe zan nuna wani abu. Mun rabu da alkawarin yin aiki tare.

Waɗanda suka aiko da saƙo, da waɗanda suka yi addu'a ban sani ba, da waɗanda suka yi niyyar zuwa bai yiwu ba, duka Allah Ya saka da alheri, Ya raba ku da kwanciyar asibiti a ƙasar da ba taku ba. Wanda na manta ya yafe mini.

Sandunan suna nan a wurina ga duk mai buƙata, Allah Ya sa kada a samu. Kuloli kuma sun taru a kicin, wasu ban san masu su ba. Ranar Asabar bayan la'asar ina gida, zan yi dafa-duka. Kowa ya zo ya ci ya ɗauki tasa.