Abin da Koyar da Waƙa a Ikilisiya Ya Koya Mini

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar mawaƙa a ikilisiyar da ake sujada da Hausa ya san waƙoƙinmu gida biyu ne. Akwai na Littafin Waƙoƙi, waɗanda akasarinsu fassaro su aka yi daga Turanci, aka bar su da muryoyinsu na Ingila da Amurka. Akwai kuma waɗanda a ka suke zaune, na Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, da na 'yan Sabon Rai, wato ƙungiyar masu yawon bishara, masu tafiya da tulu da kacau-kacau da ƙuge. Na daɗe ina koyar da na farkon a wata ikilisiya a Jos, amma yawancin abin da na gane game da aikin nan, wurin masu na biyun na samo shi.

Yadda aka yi Berom da Ngas da Bajju da Tangale da Bura suke yabon Allah da harshe ɗaya yana da tarihi. 'Yan mishan ɗin ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun iso Nijeriya a 1893, na SUM (Sudan United Mission) suka sauka Wase a 1904, wasu suka kafa zango a Garkida a 1923, ga kuma Likita Miller a Zariya. Sun tarar da harsuna rututu, sai yawancinsu suka riƙe Hausa don ita ce ta kasuwa da ta hanya. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Daga nan Hausa ta zama harshen sujada, kuma na san dattawa da dama da suka fara rera ta kafin su iya ciniki da ita.

To, a nan wahalar malamin waƙa take. Hausa tana da karin sauti, tana da gaɓa doguwa da gajera, ita kuwa muryar da aka ɗauko daga ƙetare ba ruwanta da wannan. Sai ka ji an ja gajerar gaɓa har numfashi ya ƙare, ko murya ta hau a inda mai magana zai sauka. Baƙo na zaune a benci, Hausa ake yi, amma bai kama komai ba. Shi ya sa kafin mu taɓa do-re-mi nake sa mawaƙa su karanta baitin da ƙarfi kamar suna hira. Inda kiɗa ya murɗe kalma, sai mu matsar da wurin jan numfashi ko mu sassauta gudu, har maganar ta fito.

Matan Zumunta ba su da wannan damuwa, domin muryar waƙarsu daga maganar take tsirowa. Mai bayarwa ta jefa, sauran su karɓa da amshi, tulu yana riƙe da tafiya. Wata rana na kai musu wata sabuwar waƙa da na sha wahalar tsarawa. Wata tsohuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, ɗana, sannu da ƙoƙari. Amma wannan ai ba ta da ƙafa, ina za mu taka?" Na ce, "Mama, to ku ba ta." Kafin mako ya zagayo sun datse baitocin, sun sa amshi, har yara a layi suna yin ta.

'Yan mishan na farko da yawa sun yi ɗari-ɗari da ganga, suna ganin kayan tsafi da bori ce. A ganina hikimar mata ce ta buɗe ƙofar: wa zai ce tulun ɗiban ruwa kayan tsafi ne? Da ya shiga majami'a, sauran kayan kiɗa suka biyo sawunsa.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne nauyin da ke kan mai koyar da waƙa. Wa'azin Lahadi, in ka tambayi mutum ran Laraba, da ƙyar ya kawo maka kan maganar. Waƙa kuwa tana binsa gona, tana binsa gadon asibiti. Akwai matan da ba su taɓa riƙe alli ba, amma za su ba ka labarin Ayuba da na Rut da na ɗa mubazzari tsaf, duk daga waƙa. Saboda haka idan saurayi ya kawo mini sabuwar waƙa mai daɗin kiɗa wadda ke alkawarta wa kowa mota da gida in dai ya ba da gaskiya, nakan tambaye shi daga wace aya ya ɗauko. Wasu su yi fushi. Gara haka da a bar gwauruwar da ba ta da na cefane tana zaton bangaskiyarta ce ta gaza.

Ban yarda da masu cewa a ajiye Littafin Waƙoƙi don wai kayan Bature ne ba. Je ka gidan makoki ka gani. Tsofaffin waƙoƙin nan masu tafiyar hawainiya su iyalan mamaci suke roƙo, domin da su aka binne iyayensu, sun riga sun zama namu. Rera su da murya huɗu kuma yana hora matashi ya saurari na kusa da shi maimakon ya danne shi. 

Rigimata ta yanzu da masu kibod da lasifika ce. Suna ƙure sauti har jama'a su daina amshi su koma 'yan kallo, kullum sai na je na rage da hannuna. Na kuma sa biyu daga cikin 'yan matan ƙungiya su riƙa zuwa taron Zumunta da waya suna naɗar tsofaffin waƙoƙi, suna rubuta kalmomin a littafi tare da sunan ƙauyen da kowace ta fito.