Takwas-takwas ɗin da ake zuwa nema a shagona

Shagona na gyaran kwamfuta yana Nima a birnin Accra, ni da yara biyu, ɗayansu ɗan yayata ne. Yawancin aikinmu canza allo, batir da kibod, kayan kuwa daga Tip Toe Lane a Circle muke sayo su. Amma aikin da ya fi jawo mana surutu ko minti uku ba ya ci: canza DNS.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In ka rubuta sunan shafi, sai ta tambayi wata na'ura lambar da ke bayan sunan, kamar baƙon da ya tsaya bakin lungu a Zango yana tambayar gidan wane. Mai nuna gidan nan shi ne DNS, kuma kamfanin da ke ba ka intanet nasa yake haɗa ka da shi, ba shawara. Ran da nasa ya yi barci, data na nan, layi na nan, shafi ya ƙi buɗewa.

Haka wata Hajiya mai sayar da atamfa ta shigo min ranta a ɓace. "Ɗana, jiya na sa data, yau sun cinye!" Na ce, "Hajiya, zauna tukuna." Na buɗe baƙin allon umarni na buga ping 8.8.8.8, umarnin da ke gwada ko kwamfuta na isa ga wannan lamba, amsa ta dinga zubowa layi-layi. Na sake bugawa da sunan google.com, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. To, an gano bakin zaren. Na shiga ncpa.cpl, wato wurin saitin haɗin intanet na Windows, na buɗe saitin IPv4 inda ake rubuta lambar DNS, na sa 1.1.1.1 a gurbin sama, 8.8.8.8 a na ƙasa, na share tsofaffin amsoshi da ipconfig /flushdns. Shafi ya buɗe kafin ta gama gyara mayafi. Ban karɓi ko kwabo ba, washegari sai ga waakye, wato shinkafa da wake, har da ƙwai.

Ita 8.8.8.8 ta Google ce tun 2009, 1.1.1.1 kuma ta kamfanin Cloudflare, ta fito a 2018. Wanda ke tsoron shafukan 'yan damfara nakan sa masa 9.9.9.9 ta Quad9. Iyaye da malaman Islamiyya sun fi son 1.1.1.3, mai toshe shafukan batsa, ko da yake yaro mai wayo ba ya kwana biyu bai gano hanyar cire ta ba. Kuma nakan gaya wa kowa: sunayen shafukan da kake shiga, yanzu wani kamfani kake miƙa wa, ba ɓacewa suka yi ba.

Matsalar ita ce Hajiya ta baza labari. Sai mutane su zo: "Maigida, a sa min takwas-takwas ɗin nan mai ƙara gudu." Kamar laya! Wataƙila shafi ya ɗan fara buɗewa da wuri, amma bidiyon da ke tsayawa zai ci gaba da tsayawa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, intanet ta durƙushe a Ghana, shagon nan cika ya yi maƙil da masu neman lamba. Na yi ta bayani har murya ta dishe: hanyar ce ta yanke, mai nuna gida ba shi da abin yi.

Ni ma na taɓa shan kunya. Wani Alhaji akawu na sa wa lambobin, da safe ya kira ni yana faɗa, shafin cikin gida na ofishinsu ya ƙi buɗewa, ga albashin ma'aikata a hannunsa. Sunan shafin DNS ɗin ofis kaɗai ya san shi, Google bai taɓa jin sa ba. Ta waya na bi da shi mataki-mataki har ya mayar da saitin kan neman lamba da kansa. Yanzu kafin ɗan yayata ya taɓa wannan gurbi, sai ya tambaya ko kwamfutar tana zuwa ofis, ya kuma rubuta tsohon saitin a 'yar takarda, mu manna a ƙasanta da salatif.