Tana a cikin kofi: kayan zaƙin da na kai bikin kaka a Ohio

Duk wanda ya zauna a Amurka ya san yadda watan Oktoba yake sauya kamannin unguwa. Tun daga farkon watan za ka ga kabewa a ƙofar kowane gida, an yi mata idanu da haƙora, ga saƙar gizo ta ƙarya a jikin bishiyoyi, ga kwarangwal na roba a zaune kan kujera. Duk shirin daren 31 ga wata ne, wato Halowin. Al'adar ta samo asali ne daga bikin Samhain na mutanen Ayalan na dā, waɗanda jikokinsu suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 suka zo da ita. A nan jihar Ohio kuwa kabewa har bikinta na musamman take da shi a garin Circleville, kudu da Columbus babban birnin jihar, tun shekarar 1903.

Mu a gidanmu ba ma fita yawon karɓar alewa gida-gida da yara ke yi a daren nan, yaran ma sun san da haka. Amma maƙwabtanmu suna haɗa liyafar kaka a ƙarshen mako kafin ranar, kowane gida ya kawo abin ci, yara su yi wasa, manya su zauna hira. Wannan kam muna zuwa, domin maƙwabtaka hakki ce, kuma mutanen nan sun sha zuwa cin naman layya a gidanmu. Bana sai aka ba ni ɓangaren kayan zaƙi mai sanyi, aka ce a yi shi da ɗan abin ban tsoro don yara.

Abin da aka saba yi shi ne tire guda na kirim ɗin cakulan, a barbaɗa masa garin biskit ɗin Oreo ya zama kamar ƙasa, a kafa dogayen biskit a matsayin alamun kaburbura, sannan a watsa alewa mai siffar tana. Ni dai raina bai kwanta da yin maƙabarta a faranti ba. Kabari ba abin wasa ba ne a wurina, can iyayenmu suke kwance. Ban ce wa kowa nasa bai dace ba, na dai yanke shawarar nawa zai zama gonar kabewa ce da dare: baƙar ƙasa a sama, jajayen tana suna leƙowa, da 'yar farar fatalwa ta kirim a tsaye a gefe. 'Yar autata ta ce, "Umma, in dai akwai tana ai shi ke nan."

Tanar ce ta fi cin lokacina. Yawancin alewar da ake sayarwa mai danƙo da jelatin ake yin ta, kuma a Amurka jelatin ɗin galibi daga fatar alade ake fitar da shi, sai in an rubuta akasin haka a jikin ledar. Akwai ta halal a shagunan Larabawa da na 'yan Somaliya, waɗanda suke da yawa a Columbus, amma mai siffar tana ba kullum ake samu ba. Haka ma ruwan banila da ake sa wa kayan zaƙi don ƙamshi: dokar ƙasar ta ce na ainihi sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa. Don haka garin banila na saya. Wanda zai yi irin wannan aiki ya ware lokacin tsayawa a kanti yana juya kwali yana karanta bayansa, don rabin aikin a nan yake.

Sai na ce bari in yi tanar da kaina, da zobo. Busasshen zobo ba ya wahalar samu a nan, shagunan 'yan Meziko suna sayar da shi saboda su ma suna shan sa. Maimakon jelatin na yi amfani da garin aga, wanda ake yi daga ciyawar teku, ana samun sa a shagunan 'yan Asiya. Halinsa daban yake da na jelatin. Shi sai ya tafasa sosai kamar minti 2 zuwa 3 kafin ya narke, kuma ba ya jiran firji, da zarar ya huce ya sauko wajen digiri 40 a ma'aunin Celsius zai fara daskarewa. Tsami kuma yana rage masa ƙarfi in an daɗe ana tafasa su tare. Saboda haka a ruwa zalla na tafasa ƙaramin cokali 2 na garin da sukari, na sauke, sannan na zuba zobo mai kauri da ɗuminsa har duka ya kai kofi 1.

Ga yadda ake fitar da siffar. Ka samo tsinken shan lemo irin mai lanƙwasa a wuya, ka ja wuyan ya miƙe, wannan zobba-zobban su ne za su zama gaɓoɓin tanar. Ka tara su da yawa ka ɗaure da roba, ka tsayar da su a cikin dogon kofi mai matsatsi, wuyan yana ƙasa, ka zuba ruwan da sauri daga sama. Ruwan zai cika kofin ya hau cikin tsinkayen. Bayan ya kwana a firji sai ka zaro su ɗaya bayan ɗaya, ka matse daga ƙarshe da yatsa biyu kana turawa. Tanar za ta sulluɓo kan faranti tana sheƙi, ja wur, da layukanta a jiki. Maigida da ya shigo kicin ya gani sai da ya ja da baya. Aga ba shi da danƙo, karyewa yake yi, dogayen da yawa sun gutsure a hannuna. Gajerun sun fi kyau ma, tunda rabin jikin ne kawai ake so ya fito daga ƙasa.

Kirim ɗin kansa na kabewa na yi. Kayan: gwangwanin niƙaƙƙiyar kabewa zalla mai giram 425, cuku mai laushi irin na Philadelphia giram 226, kirim mai kauri kofi 2, garin sukari kusan kofi 1, kirfa ƙaramin cokali 1, rabin cokali na garin citta, da ɗan kanumfari kaɗan. A lura, a kan kanta ɗaya ake jera kabewa zalla da wadda aka riga aka haɗa da sukari da kayan ƙamshi, gwangwanin nasu kuma ya yi kama.

Kabewa kusan kashi 90 cikin 100 ɗinta ruwa ne. In aka juye ta kai tsaye cikin kirim, kafin gari ya waye ruwa zai kwanta a gindin kofi. Na zuba ta a kasko da kayan ƙamshin, wuta kaɗan, ina juyawa da muciya kamar minti 10 har ta yi kauri, launinta ya ƙara duhu. Ƙamshin da ya tashi ya tuna mini da ranar da ake miyar taushe a gida, sai dai wannan kirfa ce a ciki ba daddawa ba. Daga nan dole a bar ta ta huce sarai. Ɗumi kaɗan ya isa ya narkar da kirim ɗin da aka buga.

Kowane abu da irin zafin da yake so, wannan shi ne abin da na fi ƙaruwa da shi. Cukun yana so a fitar da shi daga firji da wuri ya saki jiki, in ba haka ba zai yi gudaji, kuma gudajin ba ya bajewa bayan an haɗa. Kirim shi kuma sanyi yake so, har kwanon da abin bugawar na sa a firiza na ɗan lokaci. Wanda ake kira mai kauri a Amurka yana da kitse aƙalla kashi 36 cikin 100, kitsen nan ne yake riƙe iska ya sa shi ya tashi. Ana bugawa ana dubawa: da zarar ka ɗaga abin bugawar ka ga tsinin ya tsaya bai faɗi ba, ka dakata, domin in ka zarce zai tsinke ya koma man shanu. Na fara buga cuku da sukari har suka yi sumul, na zuba kabewa, sannan na ɗauki kirim ɗin kashi-kashi ina juyawa a hankali da faffaɗan cokali daga ƙasa zuwa sama. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kirim ɗin na ajiye gefe don fatalwa.

Ƙananan kofunan roba masu haske na yi amfani da su, haɗin ya cika 16. Tire guda yana da kyau a hoto, amma da yaro na uku ya sa cokali ya zama kwaɓa. A kofi kuwa kowa da nasa, kuma ana ganin hawa-hawan daga waje: baƙi a ƙasa, launin ruwan lemo a tsakiya, baƙi a sama. Biskit ɗin Oreo a leda mai zif na zuba na murƙushe da kwalba, ban mayar da shi gari lilis ba, don ƙasar gona ai da ɓurɓushi take. Na ƙasan kofin tun daren na zuba, ya jiƙa ya yi laushi, kuma haka ake so. Na saman kuwa a leda na tafi da shi, domin in ya kwana a kan kirim zai sha danshi ya daina ƙaras-ƙaras. Ita ma tanar daban na riƙe ta, saboda jan zobo yana bin farin kirim ya ɓata shi.

A kicin ɗin maƙwabciyarmu na ƙarasa ado. Na zuba kirim a leda, na yanke kusurwa, na matsa shi a tsaye ya yi tsini, na maƙala ƙwayar cakulan biyu a matsayin ido. Yara suka kewaye ni kowa yana so shi zai dasa tana, na bar musu. Na kuma ajiye 'yar takarda a gefen tiren na rubuta abin da ke ciki: madara, alkama, waken suya, babu gyaɗa, babu jelatin. A nan ana ɗaukar maganar abincin da jikin yaro ba ya karɓa da muhimmanci ƙwarai. Wata uwa Ba'indiya da ba sa cin nama ta karanta ta zo ta tambaye ni yadda aka yi tanar, ta ce ɗanta bai taɓa samun damar cin irin wannan a liyafa ba. Wannan ya faranta mini rai fiye da duk yabon da aka yi wa ɗanɗanon.

Manya sun fi son kirim ɗin, yara kuwa tanar suka fara tsincewa, wasu suka yamutsa fuska saboda tsamin zobo. Badi zan ƙara masa sukari. Shawarar hukumomin abinci na Amurka ita ce kada abin da ke da madara ya wuce awa 2 a waje, kuma cikin gida da ɗumi tunda an kunna na'urar ɗumama ɗaki. Don haka rabi kawai na fitar da farko, sauran na bar su a firji sai da tiren ya kusa ƙarewa. Wannan ya sa waɗanda suka zo a makare ma suka samu nasu da sanyinsa, fatalwar tana tsaye ba ta zube ba.