Lambobin firam sun raba mini ƙwayoyin kabon

Alhamdu lillahi, 'yan uwa masu koyo, manhajata ta fara raba ƙwayoyin kabon da ke cikin sinadari rukuni-rukuni yadda ya kamata, masu mazauni iri ɗaya a rukuni ɗaya, kuma na ji daɗi ƙwarai.

Inda abin ya cije shi ne wajen sabunta matsayi, wato lambar da kowace ƙwaya ke ɗauka a kowane zagaye na lissafi. A tsarin Morgan na 1965, kowace ƙwaya tana karɓar jimillar lambobin maƙwabtanta. To, mai maƙwabta 1 da 4 za ta sami 5, mai 2 da 3 ma 5. Sai manhaja ta zuba su rukuni ɗaya alhali ba ɗaya ba ne, entirofin Shannon, wato ma'aunin yadda ƙwayoyin suka bazu cikin rukunai da ake aunawa da bit, ya fito ƙasa da yadda yake, babu kuma wani saƙon kuskure da zai ankarar da mutum. Wannan shirun ne ya fi ɓata rai.

Maganin shi ne wanda Weininger da abokan aikinsa suka bi a 1989 wajen daidaita SMILES, hanyar rubuta sifar sinadari a layin haruffa: matsayi na 1 ya zama 2, na 2 ya zama 3, na 3 ya zama 5, na 4 ya zama 7, wato lambobin firam waɗanda 1 da su kansu kaɗai ke raba su, sannan a ninka maimakon a tara. Yanzu 2×7 ya ba da 14, 3×5 ya ba da 15. Ba za su taɓa karo ba, tunda kowace lamba hanya ɗaya tak take warwarewa zuwa firam. Amma fa a sake jera matsayi daga 1 bayan kowane zagaye, in ba haka ba lambobin su tumbatsa su wuce bit 64 nan da nan.

Gwajin entirofi a kan sifofi biyar na hekzen, sinadari mai kabon shida, ana ƙirga kabon kaɗai: miƙaƙƙen, rukunai 2, 2, 2, bit 1.585, 2-metilfenten 2.252, 3-metilfenten 1.918, 2,2-daimetilbuten 1.792, 2,3-daimetilbuten, rukunai 4 da 2, 0.918. Duka biyar sun bambanta, sun kuma yi daidai da lissafin hannu.

Saura dekalin da baisaikulofentil, sinadarai masu zobe biyu-biyu, dukansu kabon 10. Firam bai raba su ba, domin maƙwabtakarsu iri ɗaya ce a kowane zagaye. Ina sa girman ƙaramin zobe, 6 ko 5, cikin alamar farko ta kowace ƙwaya. Hakan zai raba lambobin shaidar da ake gane kowane sinadari da su, amma entirofi zai tsaya a 1.522, don rukunansu 2, 4, 4 ne duka.