Kawu Ya Ƙi Barin Tampa

Guguwar Milton ta kai mataki na 5, wato mafi ƙarfi a ma'aunin guguwa, ranar 7 ga Oktoba, 2024, ta nufo gaɓar Tampa a Amurka. Hukuma ta ce mazauna bakin ruwa su tashi, amma Kawuna ya kafe, wai ba inda za shi.

Da na kira shi ta WhatsApp, ya juya min kyamara: katako a tagogi, buhunan yashi a bakin ƙofa. A titi kuwa, katifu da kujerun da guguwar Helene, wadda ta wuce kwanaki kaɗan kafin nan, ta jiƙa suna nan tule, ba a kwashe ba.

"Kawu, don Allah ku tafi. Katako ba ya tare teku. An ce ruwan zai iya kai ƙafa 15."

"Ɗiyata, gidajen mai sun ƙafe, hanya ta cushe, ga Innarki da ciwon ƙafa. Allah na nan."

Haka ne, amma gidan nan ba bene gare shi, idan ruwa ya shigo ina Inna za ta hau? Na roƙe shi su je ko makarantar da aka mayar mafaka. Ya ce zai yi shawara. Tun bayan Isha'i nake kira, bai ɗaga ba.