Wasiƙa daga Ingila: Rajistar ruwan sama da ɓawon ƙwan shaho

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kuna lafiya, ku da iyali.

Magana nake so mu yi kan takardun da mutane da yawa ke ganin ba su wuce na hura wuta ba: rajistar ruwan sama, littafin ma'aikacin gandun daji, taswirar da ta yi ja don tsufa. A nan Ingila ɗakunan ajiya na musamman ake gina musu, kuma ba a banza ba.

Hukumar yanayi ta Birtaniya tana da ma'ajiyarta a birnin Exeter. A can aka adana takardu kusan 66,000 na awon ruwan sama, duk rubutun hannu, daga 1677 zuwa 1960. Masu awon yawancinsu ba manyan masana ba ne. Akwai limaman coci, masu kula da lambu, ma'aikatan madatsun ruwa, kowa ya fita da safe ya duba ma'auni ya rubuta. A watan Maris na 2020, lokacin kullen korona, Farfesa Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya sa hotunan takardun a intanet ya nemi a taya shi kwafewa. Mutum kusan 16,000 suka yi caa, cikin kwana 16 suka shigar da alƙaluma sama da miliyan 5 a kwamfuta. Daga nan ne aka gano cewa 1855 ta fi kowace shekara ƙarancin ruwa a tarihin awon Birtaniya.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne labarin ƙwai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu shaho ya riƙa ƙarewa a Birtaniya, ana tarar da ƙwansa a fashe cikin sheƙa. Wani masanin muhalli, Derek Ratcliffe, ya bi gidajen tarihi da akwatunan masu tara ƙwan tsuntsaye, yana auna ɓawo ɗaya bayan ɗaya. Kowane ƙwai da 'yar takardarsa, an rubuta shekara da wurin da aka ɗauko shi. A 1967 ya nuna cewa kaurin ɓawon ya ragu farat ɗaya tun wajen 1947, daidai lokacin da maganin ƙwari na DDT ya shiga gonaki. Da babu wannan 'yar takarda, da ƙwan bai tabbatar da komai ba.

Sai dai a karanta da lura, domin mai alƙalami ma yana kuskure. A Kissidougou ta ƙasar Gini, jami'an mulkin mallaka na Faransa sun daɗe suna rubuta cewa manoma ne suka cinye daji. Da masu bincike biyu, James Fairhead da Melissa Leach, suka gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1952 da waɗanda aka ɗauka shekaru da dama bayan haka, suka kuma saurari dattawa, sai ta bayyana cewa mutanen ƙauyukan ne suka raya kurmin da ke kewaye da su.

Roƙona gare ku, duk wanda ke aiki a ofishin gona, na daji ko na ruwa, ko ya gāji littafin wani dattijo mai rubuta ranar saukar ruwan fari, ya ɗaga shi daga ƙasa kafin gara ta riga shi. Ya ɗauki hoton kowane shafi da waya, ya rubuta sunan wurin da shekarun da littafin ya ƙunsa, sannan ya kai wa ma'ajiyar tarihi ko ɗakin karatun jami'a kwafi.

Wassalam, naku a Ingila.